Kwamfutar ajiye bayanai da tantance alƙaluma: abin da za a duba kafin a saya a Malbaza

A Malbaza da Ƙonni da Illela, aikin da a da ake yi cikin manyan littattafan rajista yana komawa cikin kwamfuta sannu a hankali. Gundumomin kiwon lafiya suna shigar da rahoton gidajen likita a manhajar DHIS2, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe, ma'aikatar lafiya ta Nijar kuma take aiki da ita. Ƙungiyoyin manoman fadamun Ƙonni da Galmi suna da jerin mambobi da bashin taki da kuɗin ruwa. Dillalan siminti suna lissafin motoci da buhuna da masu bashi. Ƙungiyoyin agaji suna tara amsoshin bincike daga ƙauyuka ta wayar salula. Ɗaliban jami'ar Tahoua kuma suna buƙatar na'urar da za ta ɗauki alƙaluman kundin kammala karatunsu.

Mafi yawan masu saye suna shiga shago da tambaya ɗaya: i5 ce ko i7? Ga mai aikin bayanai a wannan yanki, wannan tambaya ita ce ya kamata ta zo daga baya. Abin da ke sa aiki ya gudana, bayanai kuma su tsira, shi ne yawan RAM, irin diski, kariya daga wutar lantarki, da kwafin da aka ajiye a wani wuri.

Ayyuka biyu ne, ba ɗaya ba

Rumbun bayanai manhaja ce da ke ajiye bayanai a jere, ta bar mutane da dama su rubuta, su gyara, su nema a lokaci guda. Sanannu a cikinsu su ne PostgreSQL, MySQL, SQL Server, da Access ga ƙananan ayyuka. Aikin rumbu ƙananan rubuce-rubuce ne masu yawa: a ƙara sunan jariri, a rage buhu goma, a nemo wanda bai biya ba. Abin da yake so shi ne diski mai saurin amsawa da wutar da ba ta yankewa a tsakiyar rubutu.

Tantance alƙaluma kuwa shi ne a ɗebo bayanai masu yawa a juya su don a fitar da amsa: wane wata ne zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa, wace kasuwa ce albasa ta fi tsada, wane ƙauye ne aka tsallake wajen rigakafi. Ana yin wannan da Excel, Stata, SPSS, R, Python, Epi Info, ko QGIS idan aikin taswira ne. Stata da R suna ɗora jadawalin gaba ɗaya a cikin RAM kafin su fara lissafi. Saboda haka su RAM suke ci.

Akwai kuma rukuni na uku da ake yawan ruɗawa da waɗannan. Wanda aikinsa shigar da rahoto ne kawai a DHIS2 ko KoboToolbox, rumbun ba a ofishinsa yake ba, yana can a wata babbar na'ura da ake isa ta intanet. Irin wannan ma'aikaci ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada. Matsakaiciya ta ishe shi, sauran kuɗin ya zuba su a layin intanet mai ɗorewa da batir.

Don haka kafin a je shago, a zauna a rubuta amsar tambayoyi huɗu. Wace manhaja za a yi aiki da ita? Layi nawa ne a jadawali mafi girma? Mutum nawa za su shiga rumbun a lokaci guda? Idan na'urar ta mutu yau, kwana nawa ofishin zai iya jira?

RAM: tabarmar baza kaya

Mai albasa a Galmi yana ajiye kayansa a rudu, amma idan zai ware manya da ƙanana sai ya baza su a tabarma. Diski shi ne rudu, RAM ita ce tabarma. Idan tabarmar ƙarama ce, sai ya riƙa kai da kawo tsakanin rudu da tabarma, rana ta faɗi bai gama ba. Haka kwamfuta take yi idan RAM ta cika: tana komawa tana aron wuri a diski, aikin minti biyu ya zama na rabin awa.

Ana iya kimanta buƙata da lissafi mai sauƙi. Lamba ɗaya a jadawali tana cin bayit 8 a yawancin manhajojin lissafi. Jadawali mai layi miliyan 1 da ginshiƙi 50 yana cin kimanin megabayit 400. Da yake manhaja tana yin kwafi yayin tacewa da haɗawa, sai a ninka sau uku ko huɗu, ya kai wajen gigabayit 1.5. Wannan bai fi ƙarfin kwamfuta mai RAM gigabayit 16 ba. Amma jadawali mai layi miliyan 20 da ginshiƙi 50 shi kaɗai gigabayit 8 ne tun kafin a taɓa shi, nan sai 32 ko 64.

Don a ga girman abin: ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ƴan kai a Nijar baki ɗaya. Ke nan bayanan gunduma ɗaya, ko na shekaru goma ne, da wuya su kai girman da zai gagari gigabayit 16 zuwa 32. Abin da ya fi saurin cika shi ne Excel, wanda shafinsa ba ya wuce layi 1,048,576. Wanda ya kai wannan iyaka, ba sabuwar kwamfuta ce maganinsa ba, lokaci ne ya yi da zai koma rumbun bayanai na gaske.

Abubuwa uku za a tambayi mai shago. Na farko, gurbi nawa ne na RAM a cikin na'urar, kuma nawa ne babu kowa a ciki? Na biyu, shin RAM ɗin ana cire ta ko a like take da allon? A ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa a like take, ba a ƙarawa. Na uku, DDR4 ce ko DDR5? Ba sa shiga gurbin juna. Sanda biyu masu gigabayit 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 sauri, domin na'urar tana karanta su tare.

Akwai wata RAM da ake kira ECC, mai gano kuskuren da ya auku a cikinta ta gyara shi. Ana samun ta a manyan na'urori irin su Dell Precision, HP Z da Lenovo ThinkStation. Ta dace da na'urar da ke riƙe lissafin kuɗi ko bayanan marasa lafiya dare da rana. Ga mai bincike da ke kashe na'urarsa da yamma, ba dole ba ce.

Diski: inda bambanci ya fi fitowa

Tsohon diski mai faifai yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, allura tana bin sa tana neman bayani. Idan nema ya warwatsu, kamar yadda aikin rumbu yake, ba ya wuce amsa ɗari ɗaya zuwa biyu a daƙiƙa. Diskin SSD ba shi da abin da ke motsi, yana amsa dubun dubata a daƙiƙa. SSD iri biyu ne a kasuwa. Na SATA yana kaiwa kimanin megabayit 550 a daƙiƙa. Na NVMe, wanda tsawonsa bai fi yatsa ba, yana kaiwa 3,500 ko fiye. Babban tsalle yana tsakanin mai faifai da SSD ne. Daga SATA zuwa NVMe akwai riba, amma ba ta kai ta farko ba.

Tsarin da ya fi dacewa shi ne diski biyu: SSD mai gigabayit 500 ko terabayit 1 don manhajoji da rumbun da ake aiki a kansa, sai mai faifai babba don tsofaffin takardu da hotuna da kwafi. Kada a bar SSD ya cika maƙil, a bar masa kamar kashi ɗaya cikin biyar, in ba haka ba saurinsa yana raguwa. A jikin kwalin akwai lambar da ake rubutawa TBW, wadda ke nuna yawan rubutun da kamfani ya lamunce kafin diskin ya gaji. Ga rumbun da ake rubutu a kansa kullum, wanda lambarsa ta fi girma shi ne zaɓi.

A kula da jabu. Akwai diski da filas da ake rubuta wa terabayit 2 a jiki alhali cikinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Suna karɓar fayil kamar komai lafiya, sai ranar da aka zo buɗewa a tarar babu komai. Araha ba ta ado. Idan farashi ya yi ƙasa da hankali, a cika diskin da fayiloli a gaban mai shago, a sake buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Furosesa: a duba shekara kafin suna

Furosesa ita ce mai yin lissafin. Sunan i5 ko i7 shi kaɗai ba ya faɗin komai, sai an duba lambar da ke biye da shi, wadda ke nuna zuriya. Core i7-4770 ta zuriya ta 4 ce, ta fito a 2013, tana da cibiya huɗu. Core i5-8500 ta zuriya ta 8 ce, ta fito a 2018, tana da cibiya shida. Ta biyun ta fi ta farkon, ko da yake sunan ta farkon ya fi daɗin ji.

Zuriyar tana da wani muhimmanci. Kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta tun ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma tana neman furosesar Intel daga zuriya ta 8 zuwa sama, ko AMD Ryzen daga jerin 2000, tare da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Na'urorin da ba su cika wannan sharaɗi ba su ne ofisoshin Turai da Amurka suke fitarwa, su ƙare a kasuwannin Afirka da farashi mai jan hankali. Ba marasa amfani ba ne: idan aka ɗora musu Linux, suna riƙe PostgreSQL da R lafiya lau. Amma wanda aikinsa ya dogara da Access ko SQL Server a kan Windows, ya nisance su.

Cibiya shida zuwa takwas sun wadatar da aikin ofishi a matakin gunduma. Yawancin umarnin R da Python a kan cibiya ɗaya suke gudana, don haka cibiya mai sauri ta fi cibiyoyi masu yawa marasa ƙarfi. Katin hoto mai tsada, irin na masu wasan bidiyo, ba ya ƙara wa rumbun bayanai ko Stata komai. Wuta kawai yake sha, ya ƙara zafi. Kuɗinsa sun fi amfani a allo na biyu, domin mai tace jadawali yana hutawa idan yana ganin bayanai a allo ɗaya, rahoto a ɗaya.

Wutar lantarki: abokin gaba na farko

Malbaza gari ne da ya san wuta. Masana'antar siminti tana nan tun shekarun 1960, kuma a nan aka ƙaddamar da tashar hasken rana mai megawat 7 a watan Nuwamba 2018, irinta ta farko a Nijar. Duk da haka, a watan Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙasar ta rasa wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da take amfani da shi, har sai da aka maido da ita a watan Maris 2024. Ko a lokacin da komai yake daidai, watannin zafi suna zuwa da yankewar wuta da hawa da saukarta.

Ga mai kallon talabijin, ɗaukewar wuta haushi ce kawai. Ga rumbun bayanai, tana iya zama asara. Idan wuta ta yanke yayin da ake rubutu, fayil yana iya lalacewa. PostgreSQL da SQL Server suna da littafin da suke fara rubuta komai a ciki, wanda ke taimaka musu su farfaɗo, amma fayil ɗin Access ko Excel ba shi da irin wannan kariya mai ƙarfi.

Maganin farko shi ne na'urar riƙon wuta, wadda masu shago ke kira ondiler. Aikinta ba ta riƙe ofishi yini ba ne, ta ba da ƴan mintoci a ajiye aiki a kashe na'ura cikin tsari. Kwamfutar tebur da allonta suna cin kimanin wat 150. Ondiler mai lamba 1,000 VA tana ɗaukar wajen wat 600, ke nan ta ishe su da na'urar intanet. A zaɓi mai daidaita ƙarfin wuta da kanta, mai kuma wayar USB da ke umartar kwamfuta ta kashe kanta idan batir ya kusa ƙarewa babu kowa a ofis. Kada a jona mata injin buga takardu na leza, yana jan wuta da yawa lokaci guda.

Batirin ondiler na dalma ne, kuma zafi yana cin sa. An ƙera shi don ɗaki mai zafin digiri 25, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 kuma yana rage rabin rayuwarsa. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, batirin da aka ce zai yi shekara huɗu yana iya gazawa tun bai cika biyu ba. A gwada shi duk wata uku: a zare wayar daga bango a ga minti nawa zai riƙe. A sa kuɗin sabon batir a kasafin shekara tun daga farko.

Sai wayar ƙasa. Gini da yawa ba su da ita, kuma idan babu ita, na'urar kare tsawa ba ta da inda za ta zubar da wutar da ta wuce kima. Idan hadari ya haɗo da damina, a zare wayar wuta da ta intanet gaba ɗaya.

Wanda zai dogara da hasken rana ya yi wannan lissafi. Wat 150 sau awa 8 ya ba da kilowat-awa 1.2 a yini. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai cin wat 40 kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Bambancin yana fitowa a yawan faifan rana da batir da za a saya.

Zafi da ƙura

Furosesa tana rage saurinta da kanta idan ta yi zafi, don kada ta ƙone. Kwamfutar da ke sauri da safe ta koma jan ƙafa da azahar, sau da yawa ba tsufa ba ne, numfashi ne ya gagare ta. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da ramukan iska, a Malbaza kuma ga ƙurar manyan motocin da ke bin babbar hanya ta ƙasa mai lamba 1 da masu lodin siminti.

Kada a ajiye akwatin kwamfuta a ƙasa, a ɗora shi a tebur, nesa da taga, a bar taki ɗaya tsakaninsa da bango. A rufe shi da ƙyalle bayan an kashe, ba yayin da yake aiki ba. Duk wata biyu ko uku a zare wuta, a buɗe shi a waje, a hure ƙurar da abin hura iska, ana riƙe fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa. Akwati babba ya fi ƙarami sauƙin sharewa da shan iska.

Ta tebur ko tafi-da-gidanka, sabuwa ko gwanjo

Tafi-da-gidanka tana da batirinta, ba ta cin wuta, ana shiga ƙauye da ita. Ita ce ta dace da mai bincike shi kaɗai. Amma tana saurin zafi, gyaranta da wuya, ɓarawo kuma yana sa ta a jaka ya fita da bayanan shekaru. Rumbun da mutane da yawa ke shiga, wurinsa kwamfutar tebur ce a ɗaki mai makulli, a haɗa ta da sauran da waya, ba da iska ba.

Gwanjo ba abin kunya ba ne. Na'urorin da aka ƙera don ofisoshi, irin su Dell OptiPlex, HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, suna da ƙarko, ana buɗe su cikin sauƙi, kayan gyaransu kuma suna samuwa a Yamai da Maraɗi da Sakkwato da Kano. Dabarar da ta fi riba ita ce a sayi akwatin gwanjo daga zuriya ta 8 zuwa sama, a sa masa sabon SSD, a ƙara RAM. Kafin a biya, a duba lafiyar diski da manhajar CrystalDiskInfo, a gwada RAM da MemTest86, a tabbatar babu kalmar sirri da tsohon mai ita ya bari a ƙofar na'urar. Wasu tsofaffin akwatunan da suka fito daga Amurka suna da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. Wutar Nijar volt 220 ce. Idan maɓallin yana kan 115 aka jona, na'urar ta ƙone nan take.

A duba allon rubutu. Kayan da suka biyo ta Najeriya ko Dubai galibi QWERTY ne, ma'aikatan Nijar kuma da AZERTY suka saba, mai haruffan Faransanci. A kwamfutar tebur canja shi ba wuya. Wajen kafa rumbun kuma, a zaɓi tsarin haruffa na UTF-8 tun ranar farko, domin sunaye irin su Ɗanladi, Ƙonni da Ɓaure su shiga daidai. In ba haka ba, mutum ɗaya yana iya zama mutum biyu a rajista.

Kwafi: abin da ba a saye sau biyu

Kwamfuta idan ta ƙone ana sayen wata. Rajistar bashin manoma ta shekara biyar idan ta tafi, babu shagon da ke sayar da ita. Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bi ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wani gini dabam. A aikace, a sayi diskin waje guda biyu. Ɗaya yana ofis ana kwafi a kansa kullum, ɗaya yana wani wuri amintacce, a riƙa musanya su duk Juma'a. Bayan kwafi a zare diskin, domin cutar kwamfuta mai kulle fayiloli tana cin duk abin da ta tarar a jone.

Wasu na'urori suna rubuta abu ɗaya a diski biyu lokaci guda, abin da ake kira RAID 1. Yana ceto idan diski ɗaya ya mutu, amma idan ma'aikaci ya goge jadawali bisa kuskure, a duka biyun yake gogewa. Ba ya maye gurbin kwafi. Kwafin da ba a taɓa gwada buɗewa ba kuma, ba a san ko kwafi ne ba. Sau ɗaya a wata a maido da shi a wata na'ura a gani.

Akwai kuma doka. Tun 2017 Nijar tana da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Wanda ke riƙe sunaye da lambobin waya da bayanan lafiyar jama'a, amana ce a hannunsa. A kulle diski da BitLocker ko makamancinsa, kowane ma'aikaci kuma ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa.

Ma'auni uku a taƙaice

Mai shigar da rahoto ta intanet: tafi-da-gidanka mai RAM gigabayit 8 zuwa 16, SSD mai gigabayit 256, batir mai lafiya, da layin kamfanonin waya biyu don idan ɗaya ya ɗauke.

Mai bincike da Stata, R ko QGIS: cibiya shida, RAM gigabayit 16 zuwa 32 da gurbin ƙari, NVMe mai terabayit 1, allo na biyu, diskin waje biyu.

Ofishin da mutum biyar zuwa ashirin ke shiga rumbu ɗaya: kwamfutar tebur babba, RAM gigabayit 32, ECC idan hali ya yi, SSD biyu masu rubutu tare, ondiler mai wayar USB, wayar ƙasa, ɗaki mai iska da makulli.

Idan kuɗi ba su kai ba, a rage daga furosesa, a sayi gwanjo maimakon sabuwa, a haƙura da allo na biyu. Ondiler da diskin kwafi kuwa, a fara ware kuɗinsu kafin a tambayi farashin kwamfutar.